Ernest Everett Just: Malamin da ya yi shekara bakwai yana neman digirin digirgir a bakin teku

A watan Yunin 1916 Jami'ar Shikago da ke Amurka ta ba wani malami baƙar fata, mai shekara 32 da haihuwa, digirin digirgir a fannin nazarin halittar dabbobi. Sunansa Ernest Everett Just. Kafin wannan rana ya shafe shekara bakwai yana raba rayuwarsa gida biyu: mafi yawan watannin shekara yana gaban allo, sauran kuma yana bakin teku, sunkuye a kan madubin ƙara girma, yana kallon yadda ƙwan wata tsutsar ruwa ke karɓar maniyyi. A tsakanin waɗannan shekaru ne a nan gida aka ɗauke hedikwatar masarautar Katagum daga tsohon garin aka mayar da ita Azare, kuma a lokacin ko Kwalejin Katsina ba a buɗe ba, balle a yi zancen jami'a a Arewa.

Yau Azare tana da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, wadda aka kafa a 2021, Gadau kuma tana da Jami'ar Sa'adu Zungur. A makarantu irin waɗannan akwai matasan malamai da ke koyar da ilimin halittu da rana, su kwana suna tunanin kundin digirinsu na uku, suna jiran hutu ya zo su tafi inda akwai na'urar da aikinsu ke buƙata. Tarihin Just ya fi kusa da halin da suke ciki fiye da tarihin shahararrun masanan da ake yawan kawo musu misali da su, domin shi ma bai taɓa samun ɗakin bincike nasa na kansa da ya amsa sunansa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1883, a birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu, shekara 18 bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a Amurka. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu. Nauyin gida ya koma kan mahaifiyarsa, Mary Matthews Just, wadda ta haɗa aikin koyarwa da aikin ƙarfi a wurin haƙar duwatsun fosfet da ake yin takin zamani da su, aikin da maza ne suka fi yi. Ta shiga gaba wajen kafa wata unguwa ta baƙaƙen fata a wajen birnin, har aka sa wa unguwar suna Maryville don girmama ta. Yana yaro zazzaɓin taifot ya kwantar da shi makonni, ya tashi ya tarar karatu da rubutun da ya koya sun gudu daga kansa, sai da ya sake koyonsu daga farko.

Yana da shekara 13 aka kai shi makarantar horar da malamai da koyon sana'a ta baƙaƙen fata da ke Orangeburg, ya fito a 1899 da takardar shaidar koyarwa. Da ya tsaya a nan, da ya ƙare a matsayin malamin ƙauye, wanda shi ne iyakar abin da Kudancin Amurka ya tanadar wa irinsa. Shi da mahaifiyarsa suka ga cewa ilimin da ya samu bai kai ba. Ya shiga jirgin ruwa yana aiki a ciki a madadin kuɗin tafiya har birnin Niyok, ya yi ɗan ƙwadago ya tara guzuri, sannan ya wuce makarantar Kimball Union da ke jihar New Hampshire a 1900. Yana can mahaifiyarsa ta rasu. Kafin ya iso gida an riga an binne ta. Ya koma makaranta ya gama karatun shekara huɗu a cikin uku, kuma shi ne ya zo na ɗaya.

A Kwalejin Dartmouth, inda ya shiga a 1903, ba da kimiyya ya fara yin suna ba. Harshen Girkanci ne ya fara yin zarra a cikinsa, ga kuma son adabi da tarihi. Sai da ya zauna a ajin Farfesa William Patten ya karanta bayani a kan yadda ƙwai ke girma ya zama halitta, sannan hankalinsa ya karkata, ya bi duk wani darasin ilimin halittu da makarantar ke bayarwa. Ya kammala a 1907 da sakamako mai daraja ƙwarai. Duk da haka hukumar makarantar ba ta sa shi cikin masu jawabi a ranar yaye ɗalibai ba, don gudun abin da iyayen yara fararen fata za su ce.

Ɗalibi farar fata mai irin wannan sakamako da kai tsaye zai wuce karatun gaba. Shi kuwa sai ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Howard da ke Washinton, babbar jami'ar baƙaƙen fata. A can ma ba kimiyya aka fara ba shi ba, Ingilishi da fasahar magana aka ce ya koyar. Bayan shekara biyu aka fara ba shi darussan ilimin halittu, a 1912 ya zama shugaban sashen nazarin dabbobi, aka kuma ɗora masa koyar da ilimin aikin gaɓoɓin jiki a makarantar likitanci ta jami'ar. Mutum ɗaya, sassa biyu, ɗalibai cike da aji, kayan aiki kuwa sai a hankali. Duk wanda ya san sabuwar jami'a a ƙasarmu ya san wannan hoton.

Da ya nemi shawarar Patten a kan karatun gaba, sai ya tura shi wurin Frank R. Lillie, farfesa a sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Shikago, wanda kuma shi ne daraktan cibiyar binciken halittun teku da ke Woods Hole a jihar Massachusetts. A bazarar 1909 Just ya isa wannan ƙaramin gari na bakin teku, ya zama mataimakin Lillie. Daga nan kusan kowace shekara har 1930, da zarar an rufe Howard, sai ya nufi can.

Ya kamata a ɗan tsaya a bayyana abin da ya kai masana bakin teku. Jikin mutum gini ne na ƙwayoyin halitta fiye da tiriliyan 30, kuma dukansu daga ƙwaya ɗaya suka samo asali, wato ƙwan da ya haɗu da maniyyi. Kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiya, inda ƙwayoyin gado suke, tana da wani ruwa mai kauri kewaye da cibiyar, sannan tana da fata siririya da ta raba ta da duniyar waje. A jikin mace ba a iya kallon abin da ke faruwa lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi. Amma halittun teku da yawa a cikin ruwa suke zubar da ƙwai da maniyyinsu, dubbai a lokaci guda, kuma ƙwan garau yake, haske na ratsa shi. Mai madubi zai iya zuba su a ɗan faranti ya ga farkon rayuwa da idonsa.

Sai dai halittun ba sa bin jadawalin kowa. Tsutsar da ake kira Nereis, wadda Lillie da Just suka yi aiki a kanta, tana tasowa saman ruwa ne don haihuwa da dare, jim kaɗan bayan faɗuwar rana, a kwanakin da wata ke raguwa bayan ya cika. Dole mai bincike ya tsaya a bakin ruwa da fitila da ɗan koma, ya kamo su, ya ruga ɗakin gwaji ya yi aikinsa a daren, domin ƙwan ba ya jiran gari ya waye. Idan wata ya juya, sai a jira zagayowarsa. Idan bazara ta wuce, sai baɗi.

A nan ne Just ya gina abin da ya bambanta shi da sauran. Ya koyi gane lafiyayyen ƙwai da wanda ya fara lalacewa da kallo ɗaya. Ya san zafin ruwan da kowane iri ke so, da minti nawa zai iya yi a faranti kafin ya canza, da irin illar da ɗan dattin da ya rage a jikin gilashi ke yi wa gwaji. Tsabtar kayan aikinsa ta zama abin misali. Matsayinsa shi ne, wanda bai san yadda ƙwai ke girma a halinsa na lafiya ba, ba shi da hurumin fassara abin da ya gani bayan ya zuba masa sinadari, domin ba zai iya bambance aikin sinadarin da alamun mutuwa ba. Ba a daɗe ba manyan farfesoshi suka riƙa zuwa teburinsa suna tambayar dalilin da ya sa nasu ƙwan ya ƙi girma. Wannan taimako ya ci masa lokaci mai yawa, kuma an fi saurin yaba masa a matsayin gwanin hannu fiye da a matsayin mai tunani, abin da ya daɗe yana ci masa rai.

Maƙalarsa ta farko ta fito a 1912 a mujallar Biological Bulletin. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce: ya zuba ɗan baƙin tawada a ruwan da ƙwan ke ciki, ta yadda hanyar da maniyyi ya bi ya shiga za ta bar alama. Da ƙwan ya tashi rabuwa gida biyu a karon farko, sai ya ga layin rabuwar yana bi ta daidai wurin da maniyyin ya shiga. Ma'ana, abin da ya faru a fatar ƙwai a daƙiƙun farko yana da hannu a tsarin jikin da za a gina. Duk abin da ya rubuta a sauran rayuwarsa, ana iya cewa daga wannan ɗigon tawada ya tsiro.

Digirin kuwa ya ƙi zuwa da wuri. Shikago ta yarda ya yi rajista daga nesa, ana lissafa masa aikin Woods Hole, amma ƙa'ida ta ce sai ya zauna a jami'ar na tsawon shekarar karatu guda. Howard ba ta da wanda zai riƙe azuzuwansa, shi kuma ba shi da halin barin albashi, musamman da ya yi aure a 1912. Haka aka yi ta jan abin shekara bayan shekara, maƙalu na fitowa, takarda ba ta zo ba. A watan Fabrairun 1915 ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta ba shi lambar yabo ta Spingarn, shi ne mutum na farko da aka taɓa ba wa. Sunansa ya shiga jaridu, kuma a shekarar ce ya samu hutun da ya daɗe yana nema, ya tafi Shikago.

Kundinsa a kan wata tsutsa ce mai suna Platynereis megalops, wadda haihuwarta ke da ban mamaki. Namijin yakan nannaɗe macen, ita kuma ta haɗiyi maniyyin ta baki, ya ratsa ya iske ƙwai a cikin jikinta, nan take ta zubar da su. Just ya gano cewa idan ƙwan wannan tsutsa ya taɓa ruwan teku kafin ya haɗu da maniyyi, cikin ɗan lokaci kaɗan ya daina karɓa. Wannan ne ya sa waɗanda suka gwada haɗa su a faranti irin yadda aka saba suka yi ta faɗuwa. Bayanin ba daga littafi ya same shi ba, daga tsayuwar dare ne a bakin ruwa.

Ba shi ne baƙar fata na farko da ya samu irin wannan digiri a Shikago ba. Charles Henry Turner, masanin halayyar ƙwari, ya riga shi a 1907, kuma ya ƙare rayuwar aikinsa yana koyarwa a makarantar sakandare a birnin St. Louis. Just ya san wannan labari, kuma nasa bai yi nisa da shi ba. Digirin ya ƙara masa daraja, ya sa aka zaɓe shi cikin ƙungiyoyin masana, amma babu wata babbar jami'ar bincike ta fararen fata da ta kira shi aiki. Ya koma Howard, ya koma gaban allo.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka a bincikensa. A 1919 da 1920 ya wallafa jerin maƙalu a kan ƙwan wata halitta mai faɗi kamar kwabo, 'yar uwar bushiyar teku. Tambayar ita ce: maniyyi dubbai ne ke kewaye ƙwai, to me ke hana na biyu shiga bayan na farko, alhali shigar biyu halaka ce ga ɗan tayin? Just ya ga wani tantani yana ɗagowa daga fatar ƙwan, yana farawa daga inda maniyyin ya shiga, yana bazuwa kamar igiyar ruwa har ya zagaye ƙwan. Ya kuma lura da abin da ya fi wannan wuyar gani: tun kafin tantanin ya ɗago, ƙwan ya riga ya rufe ƙofa. Ya ce lallai akwai wani canji mai sauri da ido ba ya gani wanda ke riga tantanin. Sai a 1976 wata masaniya, Laurinda Jaffe, ta auna shi da na'ura a ƙwan bushiyar teku, ta nuna cewa canjin lantarki ne a fatar ƙwan, mai aukuwa cikin daƙiƙu kaɗan.

A wannan lokaci ne kuma ya yi karo da Jacques Loeb na Cibiyar Rockefeller, wanda duniya ta san shi tun 1899 da sa ƙwan bushiyar teku ya fara girma ba tare da maniyyi ba. Loeb ya ce sai an bi matakai biyu, a fara da wani asid mai suna butirik, a bi da ruwan teku da aka ƙara wa gishiri, ya kuma gina babban bayani a kan haka. Just ya maimaita gwajin da lafiyayyun ƙwai, ya nuna cewa ruwan gishirin kaɗai ya isa idan an daidaita shi, ya kuma danganta wani ɓangare na sakamakon Loeb da rashin kula da lafiyar ƙwai. A fagen ilimi ya yi daidai da ya faɗi abin da ya gani. A fagen neman aiki kuwa ya taɓo inda ba a taɓawa, domin Loeb yana cikin waɗanda suka goyi bayansa da farko, kuma da aka nemi ra'ayinsa a kan Just daga baya, shaidar da ya bayar ba mai daɗi ba ce. Ƙofar Rockefeller, wadda ita ce ta fi dacewa da shi, ba ta buɗe ba.

Abin da ya riƙe shi shi ne tallafin attajiri Julius Rosenwald, wanda ya fara samu a 1920, ya rage masa nauyin koyarwa. A 1924 shi da Lillie suka rubuta babin haɗuwar ƙwai da maniyyi a littafin General Cytology, wanda manyan masanan ƙwayar halitta na Amurka suka haɗu suka rubuta. Lillie ya tsaya masa wajen neman kuɗi shekara da shekaru, wannan gaskiya ne. Amma shi da masu bayar da tallafin sun fi ganin Just a matsayin wanda zai ɗaga darajar jami'ar baƙaƙen fata, shi kuwa yana ganin kansa a matsayin mai bincike da ke buƙatar lokaci da ɗaki. Ko Woods Hole ɗin ma ba ta zama gida ba. A 1927 ya kawo iyalinsa su yi bazara tare, irin wulaƙancin da suka gani a garin ya sa dole ya kwashe su ya mayar.

A 1929 ya je cibiyar binciken halittun teku ta birnin Nafoli a Italiya, a 1930 kuma aka gayyace shi Cibiyar Kaiser Wilhelm da ke Balin, wadda a lokacin tana cikin manyan wuraren binciken halittu na duniya. A Turai ya tarar ana muhawara da shi a kan ra'ayinsa, ana zama da shi a teburi ɗaya ba tare da an dubi launinsa ba. A shekarar ya halarci bikin cikar Lillie shekara 60 a Woods Hole, ya bar garin, bai sake komawa ba. Da 'yan Nazi suka karɓi mulkin Jamus a 1933, sai ya karkata zuwa Italiya da Faransa, ya yi aiki a Jami'ar Sorbonne da ke Faris da kuma tashar bincike ta Roscoff a gaɓar tekun yammacin ƙasar.

Ba za a ce ba shi da nasa laifin ba. Asusun Rosenwald ya ba sashensa kuɗi masu kauri a 1928 domin, a cikin wasu abubuwa, a horar da ɗaliban gaba da digiri na farko, amma zuciyarsa tana Turai, dangantakarsa da shugaban Howard, Mordecai Johnson, ta yi tsami. Ɗalibarsa Roger Arliner Young ita ta riƙe masa azuzuwa yana can ƙetare. Nauyin ya yi mata yawa, ta faɗi jarrabawar share fagen digirin digirgir a Shikago, daga baya suka ɓata, ta rasa aikinta a 1936. Sai a 1940 ta samu digirin a Jami'ar Pennsylvania, ta zama baƙar fata mace ta farko a Amurka da ta same shi a nazarin dabbobi. Wanda ya san zafin rashin mai riƙe masa aji ya kamata ya fi haka tausaya wa wadda ta riƙe masa. Gidansa ma bai tsira ba: ya rabu da matarsa ta farko, uwar 'ya'yansa uku, ya auri wata Bajamushiya a 1939.

A wannan shekara ta 1939 littattafansa biyu suka fito. Ɗaya jagora ne na yadda ake sarrafa ƙwan halittun teku a ɗakin gwaji, wato ilimin hannun da ya tara cikin shekara 30. Ɗayan, The Biology of the Cell Surface, shi ne ya ɗauke shi a matsayin aikin rayuwarsa. A lokacin hankalin masana ya koma kan cibiyar ƙwaya da ƙwayoyin gado, musamman bayan Thomas Hunt Morgan ya samu kyautar Nobel a 1933 saboda aikinsa a kan ƙudan 'ya'yan itace. Just ya yi musu tambayar da ba su da amsarta a lokacin: idan ƙwayar ido da ta hanta da ta ƙashi duk gado iri ɗaya suke ɗauke da shi, me ya sa suka bambanta? Shi a ganinsa amsar tana cikin ruwan da ke kewaye da cibiya, da kuma fatar ƙwaya, inda halitta ke saduwa da muhallinta.

Bayanin da ya bayar na yadda hakan ke faruwa bai tsaya ba. Ya rage wa ƙwayoyin gado matsayi fiye da kima, kuma bayan rasuwarsa aikin Oswald Avery a 1944 da na Watson da Crick a 1953 suka tabbatar da cewa sinadarin DNA ne ma'ajiyar gado, daga nan ilimin halittu ya shiga zamanin da ake karantarwa yau. Amma tambayarsa ta rayu. A 1962 John Gurdon ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo ya dasa a cikin ƙwan da aka kashe wa cibiya, ƙwan ya girma ya zama cikakkiyar halitta, abin da ya nuna cewa ruwan ƙwai na iya juya cibiya ya mayar da ita farko. Da wannan hanya aka samar da tunkiyar nan Dolly a 1996, Gurdon kuma ya samu Nobel a 2012.

Batun fatar ƙwaya kuwa, ƙasar Katagum tana da nata rabon a cikinsa. A shekarun da Just ke kai da komo tsakanin Woods Hole da Turai, gwamnatin mulkin mallaka tana da tashar binciken ƙudan tsando da ciwon barci a wannan yanki, da farko a Sharifuri, daga baya a Gadau, inda masana irin su T. A. M. Nash suka yi aiki a shekarun 1930. Abin da ya gagari masu binciken wancan zamani shi ne yadda ƙwayar cutar ke ɓacewa daga jinin majiyyaci ta sake dawowa. Sai a ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970 aka gane cewa tana sanye ne da wata riga ta furotin a fatarta, kuma da zarar garkuwar jiki ta gane rigar, sai ta canza wata. Shi ya sa har yau ba a samu allurar rigakafinta ba. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009, a kan wani sinadari na wannan ƙwayar cuta ya yi suna, sinadarin da ke kankare wani sashe na fatar jajayen ƙwayoyin jini, ya jawo ƙarancin jinin da makiyaya ke gani a shanun da sammore ya kama. Ɗalibin da zai ɗauki irin wannan batu a Gadau ko Azare yau, a filin da Just ya dage cewa a duba zai yi aiki, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Just ya tare a Faransa a 1938 da niyyar kada ya koma. Ba shi da tabbataccen albashi, masu tallafi a Amurka sun ja da baya, amma yana da teku da madubi a Roscoff. Da yaƙi ya matso aka shawarci baƙi su fice, ya tsaya don ya ƙarasa aikin da ke hannunsa. Sojojin Jamus suka mamaye ƙasar a 1940, aka tsare shi na ɗan lokaci a sansani, aka sake shi da taimakon dangin matarsa. A watan Satumba ya isa Amurka da matarsa mai juna biyu, ya koma Howard, jami'ar da ya yi shekaru yana neman hanyar barinta.

Ya dawo ba shi da lafiya. Yana ramewa, ƙarfinsa na raguwa, amma ya ci gaba da shiga aji, yana kuma gyara wani dogon rubutu a kan asalin ɗabi'ar kirki a cikin halittu, wanda bai samu mai buga masa ba. A 1941 likitoci suka gano sankara ce ta kama gaɓar da ke bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin. Ya rasu a Washinton ranar 27 ga Oktoba, 1941, yana da shekara 58, ya bar maƙalu kimanin 70 da littattafai biyu. Lillie ya rubuta ta'aziyyarsa a mujallar Science, inda ya amince cewa wariyar launin fata ta tauye abin da ɗalibin nasa zai iya yi.

Daga nan sunansa ya kwanta kusan shekara 40, sai 'yan tsirarun masu aiki da ƙwan halittun teku da suka ci gaba da buɗe littafinsa na dabarun gwaji. A 1983, shekara 100 daidai da haihuwarsa, Kenneth R. Manning, malamin tarihin kimiyya a cibiyar MIT, ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Black Apollo of Science, wanda ya kai matakin ƙarshe a gasar Pulitzer. A 1996 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotonsa a kan sarki na aika wasiƙa. Kabarinsa yana maƙabartar Lincoln Memorial da ke Suitland a jihar Maryland, takardunsa kuma suna ajiye a Jami'ar Howard.